Amsoshin Tambayoyinku: Ɗalibai na cin jarrabawar Turanci, amma baki ya ƙi buɗewa

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wata malamar Turanci ce. Ta ce ɗalibanta suna cin jarrabawar nahawu, amma da an yi musu tambaya da baki sai su yi tsit. Tana so ta san ko kwamfuta za ta magance wannan.

To Malama, wannan ciwo ya daɗe. Shi ya sa a shekarun 1970 aka fito da hanyar koyarwa ta sadarwa, wato koyar da harshe ta hanyar sa ɗalibai su yi magana da juna da shi. Masanin harshe Ba'amurke, Dell Hymes, ya nuna cewa sanin ƙa'idar jimla daban, sanin abin da ya dace ka faɗa wa wane, kuma a yaushe, shi ma daban.

Ki gwada wannan gobe. Ki zaunar da yara bibbiyu, ki ba kowa hoton ɗaki iri ɗaya, sai dai da 'yan bambance-bambance, misali a hoton wannan akwai agogo a bango, a na wancan babu. Kada su leƙa na juna. Da Turanci za su yi ta tambayar juna har su gano bambanci biyar. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba za ki ji yana tambaya, don yana son sanin amsar. Kurakurai za su zubo, kada ki katse su. Ki rubuta a takarda, ki gyara bayan an gama. Ajin zai kaure da surutu, ki yi haƙuri, ai shi ake nema.

Kwamfuta kuwa ba ta buɗe bakin kowa. Amfaninta shi ne yaro ya ji Turanci daga bakuna daban-daban, ya maimaita sau nawa ya so. Waya ma ta isa: kowa ya naɗi muryarsa ta minti ɗaya a WhatsApp yana ba da labarin yininsa, ya saurara, ya sake naɗa. Mai kunya ya fi sakewa a gaban waya.

Wani kuma ya tambaya ko Duolingo, manhajar koyon harsuna a waya, ita kaɗai ta ishe shi. Manhajar, wadda ta fito a 2012, tana da kyau wajen tara kalmomi da sabo da karatu kullum. Amma malam, ka nemi abokin hira, ko da na minti goma ne a rana, wanda zai ce maka bai gane ba har sai ka sake faɗa.