Injin da ba ya gani, ƙidaya kawai ya iya

An kwafo wannan rubutu daga muryar da aka naɗa a wata lacca da wani kafinta ya yi wa matasa da masu sana'ar hannu a unguwar Aboabo, Kumasi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena, masu gida, da ƙannena 'yan koyo, sannunku da zuwa. Na hango mutanen Asawase, ga kuma 'yan Suame Magazine can baya da baƙin mai a hannu. Ku matso kusa, ba ya cizo sai an kunna shi.

Wannan da ke kan tebur ƙaramin injin sassaƙa ne mai bin umarnin kwamfuta, wato CNC, kuma irin wannan 3018 ake ce masa. Sunan awon filin aikinsa ne, santimita 30 da santimita 18, zurfi kuwa bai cika 5 ba. Wanda ya zo da niyyar fitar da ƙofa ko fuskar gado, ya yi haƙuri, wannan aikin manyan injuna ne. Namu allon suna yake yi, da lambar gida, da hatimi, da adon da ake mannawa a jikin kabad. Asalin dabarar ta tsufa: a 1952 aka nuna injin farko irin wannan a jami'ar MIT ta Amurka, yana karanta umarni daga doguwar takarda mai huji-huji. Yau abin da ke tuƙa shi wata manhaja ce kyauta mai suna GRBL, a cikin allon lantarki da bai wuce tafin hannu ba.

To, ga abin da ya tara mu. Mutane kan ce injin nan yana da wayo. Wallahi ba shi da shi. Ƙananan moto uku gare shi, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Kowanne taku 200 yake yi kafin ya zagaya sau ɗaya, allon lantarki kuma ya raba kowane taku gida 16, ya zama 3,200. Wannan dogon ƙarfe mai zare, a nawa injin, zagaye ɗaya yana tura tebur milimita 4. Ku raba. Ɗari takwas ke nan, taku 800 a kowace milimita. Ƙidayar nan ita ce iliminsa duka. Idan haƙorin yanka ya cije a katako, moto ya tsallake taku hamsin, babu mai gaya masa. Zai ci gaba da aiki hankalinsa kwance, yana sassaƙa a inda ba nan ba ne.

Ni na sha wannan. Aikina na farko allon wani shago ne, na ma karɓi kafin alƙalami. Harafin farko ya fito tsaf, na biyu ya ɗan karkace, kafin a kai ƙarshe rubutun ya hau kan juna. Kwana biyu ina zagin kwamfuta, ashe wani ɗan ƙanƙanin noti ne, mai riƙe moto da ƙarfen zare, ya yi sako-sako. Moto yana juyawa, tebur ba ya bin sa.

Saboda haka ranar haɗawa ba ranar gaggawa ba ce. Ka sa sikwaya a kowace kusurwa kafin ka ɗaure noti gaba ɗaya, domin in ginshiƙin ya karkace, da'irarka ƙwai za ta fito. In ka gama, ka umarce shi ya tafi milimita 100, ka auna da kanka. In ya ba ka 99, fara duba abin da ya kwance. In komai a ɗaure yake, sai ka gyara lambar taku a saitin GRBL da ake kira $100, wato na moton hagu da dama, ka mai da 800 ta koma wajen 808. Sannan ka shimfiɗa katakon sadaukarwa a kan tebur, guntun MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, ka bar injin da kansa ya aske fuskarsa ta daidaita. Wanda ya tsallake wannan, zai ga rubutunsa ya nutse a dama, a hagu kuwa ko karce babu.

Sai nuna masa mafari. Tunda ba ya gani, kai ne ɗan jagora. Ka kai haƙorin kusurwar katako, ka sa farar takarda a ƙarƙashinsa, ka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan har takardar ta fara cijewa. Nan ne sifili. Ku lura kuma da layin farko na umarnin: G21 milimita ce, G20 inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, to ku ƙiyasta abin da zai faru in ka ce masa tafi 10 shi kuwa yana jin inci. Ni har gobe sai na bar shi ya yi aikin a iska tukuna, sama da katako, ina kallo, yatsana a kan maɓallin tsayarwa.

Maganar gudu kuwa, a nan 'yan koyo ke karya haƙori. Moton yankan nan yana zagaye wajen 10,000 a minti. In haƙorinka mai baki biyu ne, kana so kowane baki ya ɗebi milimita 0.02, sai ka ninka su duka, ka sami milimita 400 a minti. Wurin farawa ne kawai. Wawa katako ne mai laushi, zai yafe maka kuskure. Odum kuwa katako ne mai tauri, ba ya yafiya, rabin milimita-rabin milimita za ka riƙa shiga, ka yi ta zagayowa. Dubi abin da ke fita. In ɓarɓashi ne, kana yanka. In gari ne kamar na tuwo ga ƙauri, goga kake yi, haƙorin yana ƙonewa, domin ɓarɓashin ne ke ɗauke zafi. Abin mamaki, sau da yawa maganin shi ne ka ƙara saurin tafiya, ba ka rage ba. Kunne ma yana aiki. Tsohon kafinta ya san kukan zarto mai wahala.

Garin nan kada ku raina shi. Na MDF akwai gam mai guba a ciki, na odum yana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Takunkumi da tabarau dole ne. Kuma ba a kunna shi a tafi masallaci. Haƙori mai zafi a cikin garin katako gobara ce. Ka tsayar, ka je, ka dawo.

Wani daga cikin masu sauraro ya ce: Maigida, to in dumso ta zo, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki fa?

Tambaya ke nan ta ɗan Ghana! Laftof tana da batir, injin ba shi da shi, kuma wuta na ɗaukewa ƙidayar ta tafi. In kana da hali ka sayi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ka kuma sa masa 'yan maɓallan iyaka, waɗanda zai je ya taɓa ya gane gidansa. In babu, kafin ka fara ka huda ɗan rami a daidai sifili, a gefen da za a yanke a yar, kada kuma ka kwance katakon. Wuta na dawowa ka mai da haƙori cikin ramin, ka sake farawa.

Wani dattijo ya ce: Yaro, yana rubuta Larabci?

Yana yi, Baba. Shi bai san harafi ba, layi yake bi. Sai dai a cikin manhajar zane, irin su Inkscape, a mai da rubutun ya zama zane tukuna, in ba haka ba haruffa na iya rarrabuwa, ko su juya ta hagu. A sa haƙori mai tsini kamar V, shi ke fitar da kauri da siranta irin na alƙalami. Kuma in aya ce, a kai wa malami ya duba kafin a yanka, wanda ya lalace kuma ba bola za a kai shi ba. Ni gwajina da sunana nake yi. Kai, ɗan'uwa mai jar riga, miƙo min guntun wawan can, mu rubuta naka kowa ya gani.