Zana Katantanwar Kunne a Kwamfuta Kafin Dashen Na'urar Ji

Katantanwar kunne ita ce gaɓar ji mai siffar katantanwa, wadda ke binne can cikin ƙashin gefen kai. Faɗinta kimanin milimita 9 ne, ta nannaɗe kusan sau biyu da rabi, kuma da za a warware ta, tsawonta zai kai kimanin milimita 35. A bakinta ake jin siririn sauti, a ƙuryarta kuma ake jin mai kauri, kamar yadda binciken Georg von Békésy, wanda ya samu kyautar Nobel a 1961, ya tabbatar.

Idan ƙwayoyin ji da ke cikinta suka mutu, ƙara ƙarfin sauti ba ya wadatarwa. A nan ne ake dashen na'urar ji, inda likita ke zura wa katantanwar siririyar waya mai ɗauke da ɗigogin lantarki tsakanin 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, domin ta motsa jijiyar ji da lantarki kai tsaye. Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana ta ƙasar Austiriya a 1977, da Graeme Clark a Melbon ta ƙasar Ostareliya a 1978, suna cikin waɗanda suka share wannan hanya.

Matsalar ita ce, da zarar wayar ta wuce 'yar tagar da ke bakin katantanwar, idon likita ba ya ƙara ganinta, sai dai abin da yatsunsa suka ji. Ga shi kuma katantanwar wani ba ta zama daidai da ta wani, domin bambancin tsawo tsakanin mutum biyu yana iya kaiwa milimita 10. Idan wayar ta yi tsawo, tana iya huda lallausar tantanin da ta raba ɗakunan katantanwar, ta tsallaka daga ɗakin ƙasa zuwa na sama, ta lalata ɗan sauran jin da ya rage wa majinyaci. Idan kuwa ta gaza, sai wurin da ake jin sauti mai kauri ya zauna babu abin da ya kai gare shi.

Hoton CT yana nuna ƙashi sarai, hoton MRI kuma yana nuna ruwan ciki da jijiyar ji, amma tantanin da ake tsoron hudawa ta fi ƙarfin hoton asibiti saboda sirantarta. Masu bincike a Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka sun bi wata dabara: suka ɗauki hotuna masu matuƙar kaifi na ƙasusuwan kunnen mamata, suka koya wa kwamfuta yadda siffar ɗakunan ke sauyawa daga mutum zuwa mutum, sannan suka ɗora wannan samfuri a kan hoton majinyaci, kwamfutar ta miƙe shi ko ta matse shi har ya dace da bangon ƙashin da ake gani. Daga nan ake ƙiyasta inda tantanin take. Ƙiyasi ne, ba gani da ido ba, kuma likitan kirki ba ya mantawa da haka. Akwai hanya mai sauƙi da ta fi yaɗuwa, inda ake auna faɗin zagayen farko a lissafa tsawon gaba ɗaya, kuma manhajar OTOPLAN tana yin irin wannan aiki domin zaɓen wayar da ta dace.

Samfurin yana kuma tsara hanyar shiga. Daga bayan kunne ake huda ƙashi, a ratsa wani matsattsen gurbi tsakanin jijiyar da ke motsa fuska da wadda ke kai ɗanɗano daga harshe, inda kuskure kaɗan zai iya karkatar da fuskar mutum. A 2016, a asibitin jami'a da ke Bern a Suwizalan, mutum-mutumi ya haƙa rami mai faɗin milimita 1.8 ta wannan gurbi, bisa taswirar da aka zana tun kafin tiyata.

Ga yankunan da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, irin su arewacin Najeriya da Nijar, hoton yana da wani muhimmanci na daban, domin cutar kan sa ƙashi ya tsiro a cikin katantanwar ya toshe ta, wani lokaci cikin 'yan watanni, don haka jinkiri yana iya rufe ƙofar dashen.

Bayan tiyata akan sake ɗaukar hoto a ga inda kowane ɗigo ya zauna. Masanin ji sai ya ba kowanne irin sautin da ya dace da mazauninsa, ya kuma kashe ɗigon da lantarkinsa ke shiga hurumin na kusa da shi.