Matsafiyar da ta ƙone gonar dabino yau tana neman tuba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da iskar da kuke ji tana bugun waya, a tashar bas nake a nan Manchesta, sanyi har cikin ƙashi. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Alhamis, in ban amayar da ita ba yau ba zan iya aiki ba.

Waɗanda suka daɗe suna bina sun san duk daren Asabar ina wasa da 'yan uwana na Zariya. Su biyar suke taruwa a ɗakin ɗan baffana a Samaru, su jingina waya da filas ɗin shayi, ni kuma ina nan a kan allo. Yanzu da sanyi ya shigo agogon Ingila ya koma baya da awa guda, in sun zauna ƙarfe 9 ni nan 8 ce. Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. In ba ka san shi ba, ka ɗauka tatsuniya ce, sai dai bayan an ce ga ta nan ga ta nanku, ba zama za ka yi kana saurare ba, kai ma kana da mutuminka a ciki. Mai labari ya faɗi abin da ya faru, kai ka faɗi abin da naka zai yi, a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko ya dace. 'Yan lidon ma ni na aika musu ta hannun wani da zai sauka Kano, fam 9 kacal, littafin wasan ne ya ci mini kusan fam 40.

Ɗan baffan nawa shi ne mai labari, kuma ya zaɓi duniyar Dark Sun, wadda aka fitar a 1991. Ƙasa ce mai suna Athas da ta zama hamada, kuma sihiri ne ya mayar da ita haka, domin a can mai sihiri daga ran tsirrai yake jan ƙarfinsa. Akwai mai ɗiba kaɗan ya bar shuka ta rayu, akwai mai zuƙewa har ciyawa da itace su koma toka a kewayensa. Mu da muka ga yadda daji ke ja da baya a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ni da ya fara siffanta mana ƙasar, rimin bayan gidanmu na tuna, wanda aka sare ina aji uku, har yau in na je gida wurin nan fayau yake kamar an cire haƙori.

To ƙanwata ita ke riƙe da mai sihiri. Makonni uku da suka wuce mahara suka tare ayarinmu a bakin wani ƙauye mai rijiya ɗaya da gonar dabino. An kayar da biyu daga cikinmu, saura ƙiris a gama da mu. Sai na ji muryarta ta canza, ta ce, "Yaya, zan zuƙe gonar." Ta zuƙe. Mahara suka ƙone, muka tsira, dabino arba'in suka zama toka. Kuma daga ranar ta ɗanɗana ƙarfin, ta sake yi sau biyu ba tare da wani ya matsa mata ba. Mutanen labarin suka sa mata suna Mai Toka. Sai a makon jiya ta ce ita fa mutuniyarta ta gaji, tana so ta tuba.

Ranar Alhamis na je wani shagon wasanni da nake zuwa a nan, fam 5 ake biya a zauna a tebur, na ba wani mai labari da ya shekara 20 yana harkar wannan zance. Wallahi ko kofinsa bai ajiye ba ya ce ai mai sauƙi ne, ta jefa ɗan lido, in ta samu 15 ko sama ta wanku. Na dube shi. Dabino arba'in! Ƙauye guda da abincinsu! Lamba ɗaya ta share? Na biya kuɗin shayina na fita, har na iso gida ina maimaita maganar a raina.

Na kira gida in huce, sai na tarar da wata wutar. Abokinmu na Tudun Wada, wanda ke riƙe da mayaƙi, ya rantse in aka zauna zai sare Mai Toka. Wai wanda ya sha daga wannan kofin ba ya dawowa, mai hali ba ya fasa halinsa. Na ce masa, aboki, ko waɗanda suka ƙirƙiro wasan ba su rufe ƙofar nan ba. A littafin da suka fitar wa mai labari a 2014 akwai jarumin da ya karya rantsuwarsa ya koma mugu, kuma an rubuta cewa zai iya dawowa in ya bar muguntar ya nuna haka a baki da aiki, amma sai ya rasa duk ƙarfin da ya samu ta baƙar hanya. In ya sake karyawa karo na biyu, shi ke nan, babu dawowa. Ya ce wannan jarumi ne, ba matsafi ba. Muka rabu a kan haka, kowa ransa ba daɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ba baƙin wannan magana ba ne. Tun muna Islamiyya a cikin birni aka karantar da mu sharuɗɗan tuba: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa. Wannan na huɗun shi ne mutumin shagon bai da labarinsa, shi kuma abokina ya san shi sarai ya ƙi bari a kai gare shi. Na san wasa ne, babu wanda ke tsafi a ɗakin nan. Hajiyarmu ma da ta ji ana ta matsafi matsafi sai da ta leƙo, aka nuna mata takardu da fensir, ta ce Allah ya shirya ta koma. Iyayen Amurka ma sun tayar da irin wannan hankalin a shekarun 1980. Amma ko a wasa, abin da kuka yarda ya wuce a tebur yana nuna abin da ke zuciyarku.

Jiya da dare aka zauna. An ɗauke wuta ana tsaka da farawa, suka kunna fitilar waya biyu, fuskokinsu kawai nake gani. Ɗan baffana bai taɓa ɗan lido ba. Ya mayar da mu ƙauyen, ya ce wata tsohuwa na zaune a bakin rijiya, ita ce mai gonar. Ƙanwata ta ce Mai Toka ta durƙusa ta gaishe ta. Ya yi shiru. Ta sake gaisuwa. Ya ƙara yin shiru, har na zaci intanet ce ta yanke. Can ya ce tsohuwar ta jefo mata salka da ƙwallayen dabino a tsumma, ta juya baya. Sannan ya miƙa wa ƙanwata fensir ya ce, "Duk sihirin da kika samu daga toka, soke shi da hannunki." Ina jin ƙarar fensirin a kan takarda daga nan Manchesta. Layi huɗu ta soke, har da wanda ta fi ji da shi.

Gaskiya kaina ya kumbura. Yaron nan bai taɓa taka shagon wasa ba, a waya ya koyi komai, amma ya fi mai shekara 20 sanin inda labari yake.

In kana jagorantar irin wannan wasa, ni dai ga abin da na gani. Kada ka bar ɗan lido ya yanke hukuncin tuba, 'yan wasanka za su riƙa ɓarna suna cewa ai ma jefa. Kuma kada ka yi wa mai wasa tubar dole, ka bari ta fito daga bakinsa, ƙanwata makonni biyu ta yi kafin ta furta. Ka kuma yi hattara da mai son sare ɗan uwansa a tebur, na taɓa ganin ƙungiya ta watse a nan kan haka, mutane biyu har yau ba sa gaisawa.

Shi abokin namu bai sare ta ba, amma bai yafe ba. Ya ce mayaƙinsa zai zauna a bakin gonar da takobi a cinya, ranar da ya ga ganye ɗaya ya ƙone, ranar zai tashi. Ɗan baffana ya ce ya yarda. Dabino kuma kun sani sai ya yi shekaru kafin ya ba da 'ya'ya, ga wasu mahara suna nan tafe, ita kuma ba ta da abin da ta kore su da shi wancan karon. Tsohuwar har muka tashi ba ta amsa gaisuwa ba.

Ga bas ɗina nan ta iso. Mutanen Samaru, a tanadi caji ranar Asabar don Allah.