Darasin zane da tawada: hannun Uche Okeke da alƙalamin gamba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da war haka. Yau aikin tawada za mu yi. Abin da ke kan teburin nan ba shi da yawa: karan gamba busasshe, reza, asuwaki guda, kurtun tawada biyu, sai takarda mai kauri. Za mu zana Dodo, wannan dai na tatsuniya. Amma kafin in fiƙe alƙalami, bari in ba ku labarin mutumin da nake so mu bi sawunsa, domin in ba ku san abin da ya nema ba, aikin namu zai zama kwaikwayo ne kawai.

Sunansa Uche Okeke. Ɗan ƙabilar Ibo ne, asalin iyayensa garin Nimo a jihar Anambra ta yanzu, haihuwar 1933, amma a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa. Da ya girma ya shiga kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A lokacin yawancin malaman zane Turawan Ingila ne, kuma tsarin ƙasarsu suke koyarwa: a ajiye maka abu, ka auna shi da ido, ka yi masa inuwa har ya fito kamar hoto. A 1958 Okeke da abokansa, irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya. Ba cewa suka yi a watsar da ilimin Bature ba. Cewa suka yi kowa ya koma ya binciki fasahar gidansu, ya haɗa da abin da ya koya a aji.

To shi da ya koma gida, me ya samu? Ya samu tatsuniyoyin Ibo, waɗanda dama tun yana saurayi yake tattarawa yana rubutawa. Ya kuma samu uli. Uli zane ne da matan Ibo suke yi a fatar jiki da bangon ɗaki. Na jiki da ruwan 'ya'yan itace ake yinsa, daga cikinsu har da katambirin nan da matanmu na da suke kwalliyar fuska da shi. In an zana da fari ba ya fita sosai, sai ya ɗan jima ya yi baƙi, bayan kamar mako ya goge. Da wata 'yar ƙaramar wuƙa suke ɗibar ruwan suna ja a fata. Mahaifiyarsa ta iya, kuma ya koya a wurinta.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. Mace tana zane a bayan 'yar'uwarta da ruwan da ba a gogewa. Ba fensir, ba gyara. Dole layin ya fita sau ɗaya, ya lanƙwasa, ya siranta, ya ƙare inda ta nufa. Wannan ƙarfin zuciyar shi Okeke ya ɗauko ya kawo kan takarda. Ku nemi zanensa na tawada na 1962, jerin da ya kira Oja, za ku ga fuskoki da halittu da aka fitar da layuka 'yan kaɗan, farar takarda tana ko'ina tana aikinta. Ku nemi kuma zanensa na fenti na 1961 mai suna Ana Mmuo, wato ƙasar matattu a tatsuniyarsu, wanda yake gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a birnin Washington. Ja da rawaya ne manya-manya a baya, sai baƙaƙen layuka sirara suna yawo a kai, su ne ruhohin. Fenti ne, amma hannun mai tawada ne ya yi shi. Ni a ganina abin da ya fi burge ni da shi ke nan: bai tsaya kan kayan aiki ɗaya ba. Ya yi da bakin alƙalamin ƙarfe, ya yi da buroshi, ya yi da gawayi, har Jamus ya je birnin Munich a 1962 ya koyi aikin gilashi mai launi da jera ƙananan duwatsu su ba da hoto. Kullum tambayarsa ɗaya ce, wane abu ne zai ba ni layin da labarin nan yake buƙata.

Mu ma tambayar da za mu yi ke nan. Kuma mu Hausawa ba mu da uzuri, domin duk wanda ya yi makarantar allo ya riƙe alƙalamin kara tun bai san damansa da hagunsa ba.

Ɗan'uwa, matso da kyamarar nan kusa da hannuna. Yauwa.

Ga karan gamba, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. Ku zaɓi wanda ya bushe sarai, mai santsi, ba tsaga. Zan sa reza in yanke shi a karkace, yanka mai tsawo, kamar gaɓar yatsa. Kun ga farin nan mai laushi da ke ciki? A kankare shi kaɗan, kar a cire duka, shi ne yake riƙe tawada. Yanzu sai in rage gefe da gefe, dama kaɗan, hagu kaɗan, har bakin ya tsuke. Sai tsagar tsakiya. Wannan ita ce ran alƙalami, ta nan tawada take gangarowa. A ɗora bakin a kan katako, a danna reza a hankali, tsaga gajeriya. In ta yi tsawo alƙalamin zai riƙa amai a takarda. Na ƙarshe, a datse kan bakin. Mai rubutun allo yakan ɗan karkata shi. Mu ma haka za mu yi, domin bakin da ya karkata yana ba da layi biyu a alƙalami ɗaya: in ka ja ƙasa ya yi kauri, in ka ja gefe ya siranta.

Sai tawada. Wannan kurtun na farko irin ta allo ce, gawayi da aka niƙa lukui da ƙaro da ruwa. Tana da daɗin ja, amma ruwa yana wanke ta, don haka gwaji kawai nake yi da ita. Na biyun ita ce ta takarda. Bagaruwa ake dakawa a jiƙa, a jefa ƙarfe mai tsatsa a ciki, a bar shi kwanaki, a tace, a sa ƙaro kaɗan. Abin da ke cikin bagaruwar nan da majema suke jima da shi, shi ne yake haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi. Ku lura, in na ja ta yanzu za ku ga kamar toka-toka ce. Ku ba ta lokaci ta sha iska, za ta yi duhu. Gargaɗi biyu: tana cin bakin alƙalamin ƙarfe in ba a wanke ba, kuma in ƙarfen ya yi yawa a cikinta, da daɗewa takan ci takardar ma. Wanda yake da tawadar kanti ta masu zane, ya yi amfani da abarsa, ba laifi.

To bismillah. Dodo dai ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma nan ne daɗin yake. Abin da tatsuniya ta ba mu shi ne ƙato ne, gashi buya-buya, yana bakin ruwa ko cikin kurmi, yana haɗiye mutum. Kar ku fara da ido da hanci. Ku fara da bayansa. Na tsoma alƙalami, na ɗan goge a bakin kurtu, sannan daga nan saman takarda zan jawo layi ɗaya, ya yi doro, ya gangaro, ya murɗe a ƙasa. Daga kafaɗa nake ja, ba daga yatsu ba. Kun ji ƙarar karan a takarda? Kun ga inda tawadar ta fara ƙarewa layin ya yi kaushi? Ku bar shi haka. Kar ku koma ku cike. Wurin nan da ya bushe shi ya sa layin yake da rai, kuma alƙalamin injiniyoyi irin su Rotring ba zai taɓa ba ku shi ba, domin an ƙera shi ne ya ba da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Yana da amfaninsa a zanen gini. A jikin Dodo ba shi da wuri.

Baki kuma, layi na biyu. Babba, a buɗe, ya kusa cinye rabin jikin. Ba zan cike cikinsa da baƙi ba, zan bar shi fari fat. Mai kallo da kansa zai cika shi da abin da yake tsoro.

Yanzu ga asuwaki. Na tattauna kansa har ya barbaje, na bar shi ya bushe. Zan taɓa tawada kaɗan, in share rabinta a tsumma, sannan in fizga daga doron zuwa waje. Duba. Fizga ɗaya ta ba da gashi kusan tuli, wani dogo, wani gajere, wani ya karye a hanya. Buroshin kanti mai tsada ba ya yin wannan, gashinsa ya cika ladabi. A yi ta a gefe ɗaya kawai, gefen da babu haske. Ɗaya gefen a bar layin farko shi kaɗai.

Na san a cikinku akwai waɗanda ba sa zana mai rai, kuma ina girmama wannan. Darasin bai wuce ku ba. Ku zana kurmin da Dodon yake ciki, ko kukar bakin rafi, ko igiyar ruwan da ya motsa. Da yawan siffofin uli ma daga ganye da wata da sawun dabba aka samo su, kuma masu zayyanar allo namu sun daɗe suna nuna abin da layi zalla zai iya yi.

Saura yarinyar da ke cikin labarin. Ita da tsinken tsintsiya zan yi ta, a nan ƙasa ta hagu, 'yar mitsitsiya, da tulu a ka. Tsinke ba ya riƙe tawada, sai ka yi ta tsomawa, layinsa kuma yana rawa. Ita ma ai rawar jiki take yi. Layi huɗu ko biyar sun ishe ta. Kun ga yadda ƙanƙantarta ta ƙara masa girma ba tare da na sake taɓa shi ba?

A bar takardar a kwance ta bushe, kar a ɗaga ta tsaye, kar kuma a hura mata iska da baki, tawadar za ta gudu. Alƙalamin a ɗauraye shi a goge, in bakinsa ya yi laushi a sake datsewa.

Aikin gida: kowa ya fita tsakar gida ya samo abu uku da ba a saba zane da su ba, gashin zabo ne, ɓawon rake ne, totuwar masara ce, ya gwada layin kowanne a takarda ɗaya. Sannan ya zaɓi guda ya zana Gizo da shi, ba fensir a ƙasa. A darasi mai zuwa za mu tsarma tawadar bagaruwa da ruwa mu ga yadda ake fitar da hazo da dare. Sai mun haɗu, a huta lafiya.