Littafin gargaɗi ne, fim ya mai da shi kirari

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Daren Asabar ɗin da ta wuce ɗan wana ya ja ni gidan kallo a unguwar Yelwa, nan Garwa. Babu ƙwallo a daren, sai mai gidan ya sa musu kashi na biyu na fim ɗin Dune, wanda Denis Villeneuve ya fitar a 2024, da muryoyin Faransanci. Dala ashirin kowa ya biya, benci ya cika, janareta na ta ruri a bayan zana. Aka zo wurin da saurayin nan Paul ya kutsa taron mutanen hamada, ya daka musu tsawa, ya ce shi ne wanda suke jira, dubban mayaƙa suka miƙa wuya. Sai ɗakin ya kaure da tafi. Wani yaro har da hawa benci yana ihun "Lisanul Gaibi!", laƙabin mai ceton da mutanen hamadar ke jira. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Na karanta littafin tun ina ɗalibi a Ngaundere. Frank Herbert, Ba'amurke, ya wallafa shi a 1965, kuma ya rubuta guda shida a jere kafin mutuwarsa a 1986. Labarin wata duniya ce mai suna Arrakis, rairayi zalla, ruwa ya fi zinariya tsada, amma a ƙarƙashin yashin akwai sinadarin da manyan dauloli ke kashe juna a kansa. 'Yan ƙasa, Fremen, suna jiran mai ceto. Ga inda gizo ke saƙa: wata ƙungiyar mata ta asiri, Bene Gesserit, ita ta shuka musu wannan jiran tun ƙarnuka da suka wuce, don ranar da nasu zai buƙaci mabiya. Paul ya san haka sarai. Yana ganin jinin da za a zubar da sunansa, yana jin tsoro, kuma ya hau. A littafi na biyu, na 1969, shi da bakinsa ya ƙirga mutum biliyan 61 da yaƙinsa ya ci.

Littafin gargaɗi ne. A Yelwa kirari aka ji.

Me ya jawo? Rabin littafin a cikin zukatan mutane yake gudana. Wannan na magana, marubuci na gaya maka abin da yake ɓoyewa. Kyamara ba ta shiga zuciya. Duk wanda ta tsaya a kansa sai ta ɗaukaka shi. Ka ɗauki kyakkyawan saurayi daga ƙasa, iska na kaɗa mayafinsa, ka ɗora shi kan tsutsar da ta fi filin ƙwallo tsawo, gangunan Hans Zimmer, mai kiɗan fim ɗin, na girgiza bango, sannan ka ce wa ɗan shekara goma sha bakwai ya yi hattara da wannan mutumin? Haba!

Ba yau aka fara tuntuɓe a nan ba. Alejandro Jodorowsky ya yi shirin nasa a shekarun 1970, bai kai ga ɗauka ba. David Lynch ya cusa littafin duka cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci a 1984, ya sa 'yan wasa suna raɗa tunaninsu, kuma a ƙarshe ya sa Paul ya saukar da ruwan sama a hamada. Wato ya tabbatar da ƙaryar da marubucin ya zauna tonawa. Fim ɗin bai mai da kuɗinsa ba, Lynch ma ya juya masa baya.

Masu kare Villeneuve za su ce ai shi ya gane, ya raba littafin gida biyu, 2021 da 2024, ya kuma sauya Chani, budurwar Paul, ta zama mai ƙin yarda, har ta fice a fusace a ƙarshe. Na yarda ya gane, ban musa ba. To amma me 'yan kallo suka gani? Da Chani ta juya baya, wani a bayana ya ce, "Kishi ne kawai, don ya ce zai auri 'yar sarki." Aka kwashe da dariya. Tsuke fuskar mace ɗaya ba za ta rinjayi sa'o'i kusan uku na ganguna da nasara ba. Gargaɗin da sai an yi maka bayani a waje kafin ka ji shi, bai shiga fim ɗin ba.

Akwai kuma kalmar da suka cire. Herbert ya aro kalmomi da yawa daga Larabci, kuma yaƙin da Paul ke hange, jihadi ya kira shi, sau da dama. Fim ya bar Mahadi, ya bar Lisanul Gaibi, ya goge waccan, ya ce "yaƙi mai tsarki". Wataƙila gudun ɓata wa Musulmi rai ne, wataƙila gudun asarar kasuwa, ban rantse ba. Amma sun bar kalmomin da ke sa tsikar jiki tashi, sun ɗauke wadda da ta sa yaronmu ya dakata ya ce, tsaya, na san wanda ya taɓa aron wannan kalmar ya ƙone mana gari.

Sai masu cewa, "Malam, fim ne fa, nishaɗi ne." A gaya wa mutumin Faris haka. Mu a arewacin Kamaru muna da Kolofata, muna da Fotokol da Amchide, garuruwan da Boko Haram ta kai wa hari, muna da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe tun 2013 kusa da Mokolo. Mun san yadda abin yake farawa: matasa masu fushi da hannu wofi, sai ga wani da kalmomin addini na aro da alkawarin aljanna. Ba a littafi muka karanta ba. Ban ce fim zai kai yaro daji ba, kuma ban nemi a hana kallo ba, kowa na da shi a katin wayarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, labarin da aka rubuta don ya koya wa mutum shakkar irin wannan shugaban, ya iso mana yana koya mana yi masa tafi.

An ce na uku na tafe, daga littafi na biyu, inda gawarwakin suke. Za mu ga ko kyamara za ta tsaya a kansu, ko kuwa fuskar jarumi za ta sake nema.

A hanyar gida, a bayan babur, na gaya wa ɗan wana zancen biliyan 61. Ya yi shiru har muka wuce kasuwa, sannan ya ce, "Baffa, to ai ba su nuna ba." Washegari na duba WhatsApp ɗinsa, ya sauya sunansa zuwa Lisanul Gaibi.