Ista: Lahadi ce ko Litinin?

[Hoto: tashar mota a Gombe, ana ɗaure kaya a motocin Billiri da Kaltungo]

Jama'a, barkanmu da war haka. Tun da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da hutun Ista, tambaya ɗaya ke ta yawo a WhatsApp: in ranar Lahadi Yesu ya tashi daga matattu, me ya kawo hutu ranar Litinin? Har wasu na cewa ai Litinin ɗin ce ainihin ranar.

Ba haka ba ne. Abu biyu aka cakuɗa. Ranar hutu gwamnati ke ba da ita, a rufe ofis da banki da makaranta. Rana mai tsarki kuwa ta ikkilisiya ce, wato coci, an rufe ofis ko ba a rufe ba. Wani lokaci sukan haɗu, kamar Kirsimeti ran 25 ga Disamba, da Jumma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu.

[Hoto: asubar Lahadi a majami'a, 'yan Zumuntar Mata cikin anko, ana buga tulu]

To ku tsaya nan. Wannan asubar ita ce Ista, kuma a wurin Kirista babu ranar da ta kai ta, har Kirsimeti. Linjila ta ce ranar farko ta mako, da sassafe, matan suka tarar da kabarin babu kowa. Shi ya sa Ista ba ta barin Lahadi. Kwanan watan ne ke canjawa: Lahadin farko bayan wata ya cika, daga 21 ga Maris zuwa gaba. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris, a 2025 kuwa sai 20 ga Afrilu. Ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu.

Lahadi dama ba a zuwa aiki, sai hutun ya sauka a kan Litinin, al'adar da muka gada daga Ingila. Ranar ce ake "zuwa Galili", wato a fita bayan gari ko a hau dutse da kulolin shinkafa da kaji, ana tuna cewa Yesu ya aika wa almajiransa su same shi a Galili. Ina son wannan fita ƙwarai, amma raina kan ɓaci in na ga wanda ya tsallake sujadar Lahadi don ya shirya kulan Litinin.

26 ga Disamba ma hutu ne daga Ingila, kuma duk da sunansa na Turanci, Boxing Day, ba ruwansa da dambe! A kalandar Katolika da Angilikan, ranar Istifanus ce, shahidi na farko a Kiristanci.

[Hoto: malamar makaranta a bayan ɗan acaɓa, da alamar toka a goshi]

Ga kuma ranaku masu tsarkin da babu hutu a kansu. Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi a coci, ita ke buɗe azumin kwana 40 kafin Ista. Hawan Yesu zuwa sama yana zuwa kwana 40 bayan Ista, ranar Alhamis. A Kamaru ana hutu a ranar, a Najeriya ba a yi. Wannan malamar tun ƙarfe shida tana coci, ƙarfe takwas kuma ga ta a gaban allo da tokarta.