Yadda Mutanen Unguwa Za Su Sa Baki a Tsarin Makarantar Gwamnati

Assalamu alaikum jama'a. Ku kawo wani ajin makarantar gwamnati a ranku. Bencin da aka yi wa yara uku, biyar ne a kai, sauran suna zaune a ƙasa kan siminti da ya farfashe. Ta kusurwar can, iskar farkon damina ta yaye kwano, ga tabon ruwa ya gangaro har kan allo. Ko a Tudun Wada kake, ko Gyallesu, ko Dambo, ko Samaru, ka san irin wannan aji. To wa zai kai kuka, wa za a kai wa, kuma yaushe?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Makarantar firamare tana ƙarƙashin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wanda sakataren ilimi ke jagoranta, a samansa kuma akwai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Kaduna. A nan Zariya sai an kula, domin garin ya ratsa ƙananan hukumomi biyu. Makarantar Kwarbai ta ofishin Zariya ce, ta Hanwa ko Basawa kuwa ta ofishin Sabon Gari. Takardar da aka kai ofishin da ba nata ba, nan za ta kwana.

Ƙofar al'umma ita ce kwamitin kula da makaranta, wato SBMC. Ba ƙungiyar iyaye da malamai ba ce, ya fi ta faɗi. A ciki akwai hedimasta, mai unguwa ko wakilinsa, malaman addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a irin su magina da kafintoci, har da wakilan yara. Babban aikinsa rubuta tsarin bunƙasa makaranta.

Kafin a kira kowane taro, a fara da ƙidaya. Kada a tsaya kan rajista, don sau da yawa akwai sunayen yaran da suka bar zuwa tun bara. A shiga aji-aji a ƙirga kawuna, ranar Talata misali, a sake ranar Alhamis, sannan a kwatanta da rajista. A ƙirga ɗakunan da ake iya karatu a ciki, ba waɗanda ke tsaye kawai ba. Haka benci, haka malaman da ke shiga aji, haka banɗakin da ke da ƙofa da ruwa, na mata daban na maza daban.

Mu ɗauka makaranta tana da yara 840 da ɗakuna 12, amma 3 ba rufi. Saura 9 ke nan, kowane ɗaki ya kwashi yara sama da 90. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, wato ana bukatar ɗakuna 24. In kun rubuta "muna fama da cunkoso", kowace makaranta haka ta rubuta. In kuka rubuta cewa rufe ɗaki 3 zai sauko da kowane aji daga 93 zuwa 70, kun ba jami'i abin da zai kare a gaban na sama da shi.

Tunda maganar gobe ake yi, a ƙirga yaran da ba su shiga ba tukuna. Masu unguwanni su bi gida-gida su san adadin 'yan shekara 4 zuwa 5, su ne 'yan aji ɗaya na baɗi da baɗin baɗaɗa. A duba kuma 'yan aji shida: ina ƙaramar sakandare mafi kusa, tafiyar minti nawa ce, sai an tsallaka babban titi? A nan ne ake yawan rasa 'yan mata.

Sai taro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi zama ɗaya a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, manya uku su yi magana, a shafa fatiha. Matan da ke shirya yaran kullum da safe ba sa wurin. A yi musu nasu zaman, a Islamiyyar matan aure ko cikin wani gida, mace ta jagoranta, mace ta rubuta. Yara ma a zauna da su ba malami a kusa. Yarinyar da ta fara girma ba za ta faɗa a gaban maza cewa rashin ƙofar banɗaki ne ke sa ta zama gida kwana huɗu duk wata ba, amma za ta faɗa wa uwa ko yaya.

Bukatu za su taru da yawa. A zaɓi uku ko huɗu na gaba, kowacce da kiyasin kuɗi daga magini, da sunan wanda zai bi ta, da watan da ake so a gama. Gyaran taga, benci, da bin sawun yaran da suka daina zuwa, unguwa na iyawa da kanta. Ƙarin malamai ta hannun sakataren ilimi ake nema. Sabon gini na SUBEB ne, kuma kuɗin da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ke bayarwa daga Abuja ba ya fitowa sai jiha ta zuba nata kason daidai da shi, shi ya sa yake ɗaukar lokaci. Kada kuma a manta da fili. Makarantar da ba katanga, ba takardar fili daga KADGIS, hukumar filaye ta jiha, a hankali ake cinye ta da shaguna, ranar da aka amince da sabon gini a rasa inda za a kafa shi.

Kasafin jiha daga Janairu yake farawa, amma tun watannin damina ake haɗa shi. Don haka takardarku ta tsarin bunƙasa makaranta ta isa ofishin ilimi kafin hutun ƙarshen zango na uku. A yi kwafi uku da hotuna, shugaban kwamiti da hedimasta su sa hannu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Ɗaya a liƙa a bangon makaranta inda kowa zai gani, duk ƙarshen zango kwamiti ya tsaya gabanta da biro, ya yi wa abin da aka gama alama, abin da ya tsaya kuma a tura mutum biyu ofis da kwafin nan mai hatimi.